Zane Kafin Gini

A gefen kowane babban gari na Arewa akwai unguwar da ba a raɗa wa suna ba, amma kowa ya san ta: unguwar kangaye. Wanda ya fita Kano ta hanyar Zariya ko ta Gwarzo, ko ya ratsa sababbin unguwannin gabashin Kaduna, ko ya bi Mararraba zuwa Keffi, zai ga gine-ginen da suka tsaya cak a linta. Rodi ya yi tsatsa yana kallon sama, ciyawa ta tsiro a inda aka yi nufin falo, awaki sun mayar da turakar maigida makwanci. Da yawa daga cikin masu waɗannan gine-gine mutane ne masu lissafi a wuraren aikinsu: malaman jami'a, likitoci, ma'aikatan banki, 'yan kasuwar da ba a cutarsu a ciniki. In aka tambaye su abin da ya faru, amsar ɗaya ce: kuɗi ne suka yanke.

Amsar gaskiya ce, sai dai ba ta cika ba. Kuɗi sun yanke ne domin tun farko babu wanda ya san nawa ginin zai ci, kuma babu yadda za a sani tunda ba a taɓa zama an tsayar da abin da za a gina ba. An sayi fili, an kira birkila, an shata ɗakuna da tsinke a ƙasa, an sauke yashi da bulo, sauran aka bar wa hali. Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane, domin adon bango ko na tukunya ba ya kamawa sai laka tana ɗanya. Ginin siminti ya matsar da wannan rana baya. A yau zane shi ke riga gini, kuma wanda ya haɗa su rana ɗaya ya riga ya makara. Kuskuren da za a goge a kan takarda cikin minti biyu, in ya hau bango sai da guduma, gudumar kuwa ba kyauta take aiki ba.

## Laka tana faɗin ciwonta, kankare yana ɓoye nasa

Mai musu zai ce kakanni sun yi gini ba tare da takarda ba, ga ayyukansu nan a tsaye. Haka ne. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a farkon rabin ƙarni na 19, da tubali da azara, kuma har yau masana gini na zuwa kallon bakan gizon da ya ɗaura. Amma wancan magini yana aiki ne cikin wani tsari da ke tsare mai gida. Gini sana'ar gado ce, tana da Sarkin Magina da ake kai wa ƙara. Magini yana zaune a garin, sunan gidansu yana rataye da kowane bangon da ya ɗaga. Kayan aikin ma babu baƙo a cikinsu: ƙasa daga kududdufin unguwa, azara daga giginya, makuba daga ɗorawa. Uwa uba, laka ba ta da rufin asiri. In bango ya fara ciwo zai tsage kowa ya gani, a yi masa yaɓe da rani kafin ruwa ya sauka.

Kankare ba haka yake ba. Duk abin da ke ba shi ƙarfi ana binne shi cikin 'yan sa'o'i. Ko rodin da aka sa mai milimita 12 ne kamar yadda injiniya ya rubuta ko mai 10 ne, ko buhun siminti ɗaya ya ci awon yashin da ya dace ko an ninka masa, da zarar an yi filasta an shafa fenti babu idon da zai bambance. Wanda ya yi aikin kuma yana iya kasancewa daga wata jiha, lambar wayarsa ta daina shiga kafin damina ta biyu. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas tun ana cikin gina shi, ya kashe fiye da mutum 40, har da mai ginin. A ranar 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta ya rufta wa ɗalibai a Jos, aka rasa rayuka 22. Kwana ɗaya kafin rugujewarsu, duka biyun gine-gine ne da ake shiga ana fita.

Tunda babu Sarkin Magina mai hukunta ɗan kwangilar zamani, takarda ce ta gaji kujerarsa. Takardun kuwa huɗu ne: ta fili, ta zane, ta ƙididdiga, da ta yarjejeniya. Wanda ya sauke yashi kafin ya kammala su ya fara gini da caca.

## Filin da aka saya da rani

Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke samu haƙƙin zama ne, wanda a filayen gidaje galibi na shekara 99 ne, kuma dokar ta sharɗanta cewa fili mai takardar gwamnati ba ya canja hannu sai da amincewar gwamna. Saboda haka takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu hujja ce cewa an biya kuɗi, amma ba ta hana wani ya fito gobe da satifiket a kan wannan fili. Filin awon igiya ba lallai ne ya zama mugun fili ba, unguwanni da yawa da shi suka kafu. Abin da ake buƙata shi ne mai saye ya san matsayin abin da ya saya kafin ya zuba masa dukiya. Bincike a KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, shi ke nuna ko filin na da wani mai shi, ko an jinginar da shi, ko yana cikin wurin da gwamnati ta tanada wa hanya ko makaranta. A Abuja akwai ƙarin tarko: Minista ne ke da ikon ba da fili, don haka takardar ƙaramar hukuma kaɗai ba abin dogaro ba ce. Bayan binciken ofis, safiyo mai rajista ya je ya tabbatar da iyakoki, domin ba sau ɗaya ba mutum ya gina katanga mai tsada a filin maƙwabcinsa saboda dillali ya nuna da yatsa.

Takarda ba ta faɗin halin ƙasa. Filin da aka gani a watan Fabrairu ya kamata a koma a gan shi a watan Agusta, bayan ruwa mai ƙarfi, a kuma tambayi tsofaffin unguwa abin da ke wurin shekara 20 da suka wuce. A Kano da sauran tsofaffin birane an cike kududdufai da shara an yanka su fulotai, kuma irin wannan ƙasa tana ci gaba da zama shekara da shekaru bayan an ɗora mata nauyi. A sassan Borno da Adamawa da Gombe akwai baƙar ƙasa mai kumbura da damina ta tsuke da rani, tana motsa tushen gini har bango ya tsage daga ƙasa zuwa sama. Duk mai niyyar bene ya biya kuɗin gwajin ƙasa, domin zurfin tushe da faɗinsa daga nan ake sanin su. Sannan a ɗaga daɓen gida sama da titi sosai. Ranar da gwamnati ta zo shimfiɗa kwalta, titin zai tashi, gidan da aka gina daidai da tsohuwar hanya kuwa ya koma matattarar ruwan unguwa.

## Wanda zai zana, da wadda za ta zauna

A wurin gini kowa injiniya ne. Wanda ya riƙe tef na shekara biyu sai a fara kiransa da sunan, shi ma ya amsa. A doka kuwa ayyukan sun rabu, kowanne da hukumar da ke yi wa masu shi rajista. Mai zanen gini, wanda ke tsara ɗakuna da iska da haske, yana ƙarƙashin ARCON. Injiniyan da ke lissafin tushe da ginshiƙai da rodi yana ƙarƙashin COREN. Ƙwararren magini mai tafiyar da aikin yana ƙarƙashin CORBON, mai ƙididdigar kaya da kuɗi kuma yana ƙarƙashin QSRBN. Ƙaramin gida mai ɗaki uku ba sai an tara su duka kullum ba, amma neman lambar rajista da hatimi a kan zane ba cin fuska ba ne. Wanda ya sa hatiminsa yana da abin da zai rasa in ginin ya faɗi. Zanen da aka sayo a shagon kwamfuta, wanda aka yi wa wani fili a wani gari, ba shi da uba.

Zane nagari yana farawa ne daga tambayoyi, kuma mafi yawan amsoshin suna bakin uwargida. Ita ta san inda hayaƙin girki ke bi, da inda ake wanki da shanya, da yawan mutanen da ke cika gida ranar suna. Gidaje da yawa an gama su kafin matar gidan ta taka ƙafarta ciki, sai a wayi gari ana fasa bango don kicin ya yi kaɗan ko don baƙon maigida ba ya isa banɗaki sai ya ratsa tsakar gida. Zaure da shigifa sun warware wannan matsala tun ƙarnuka, kuma babu abin da ya hana gidan siminti ya ari hikimar. Haka nan a tambayi gobe: yara za su girma maza da mata su buƙaci rabuwa, wata rana tsohuwa za ta dawo gidan kuma ba za ta iya hawa bene ba.

Sai yanayi, wanda hotunan Instagram ba sa nunawa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Kano. Gidan da aka yi wa faffaɗan gilashi yana kallon yamma, da gajeren silin a ƙarƙashin kwano, tanda ce da mai ita zai yi ta sanyayawa da kuɗin fetur da na lantarki har ƙarshen rayuwarsa. Maganin yana kan takarda kuma kusan kyauta ne: manyan tagogi su kalli arewa da kudu, kowane ɗaki ya samu tagogi a ɓangare biyu don iska ta ratsa, silin ya yi tsawo, rufi ya zarce bango ya yi masa inuwa, a bar wa bishiya gurbi maimakon a malale dukan tsakar gida da siminti. Hadarin damina daga gabas yake tasowa, shi ya sa magina na dā suke ba bangon gabas kulawa ta musamman. Iskar farkon damina kuma duk shekara tana yaye rufin da ba a ɗaure katakonsa da kankaren saman bango ba.

A kan wannan takarda ne kuma za a tsayar da wurin tankin ruwa, da hanyar wayoyin sola ko da ba yanzu za a saka ba, da nisan rijiya daga sokawe. Masana tsabtar ruwa na neman aƙalla mita 15 tsakaninsu, mita 30 ya fi aminci. A fulotin ƙafa 50 da 100, wanda bai wuce kimanin mita 15 da 30 ba, wannan na nufin sai an san inda masan maƙwabci yake kafin a haƙa rijiya.

In zane ya kammala, a kai shi neman izini: KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, sashen kula da gine-gine a Abuja. Kowa ya san akwai jinkiri a waɗannan ofisoshi, akwai kuma masu neman na goro. Duk da haka jiran wata biyu ya fi jan fenti a bango, kuma ranar rusau wanda ke riƙe da izini ne kaɗai ke da bakin magana a kotu.

## Lissafin da ke hana kango

Daga cikakken zane ake fitar da ƙididdiga. Abu ne da ake aunawa: murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo kusan goma, don haka bango mai tsawon mita huɗu da tsayin mita uku yana cin kusan 120. Haka ake bin rodi da siminti da kwano da tayil har a kai ga makullin ƙofa. Mai gida da ke riƙe da wannan takarda ya san abin da ya kamata tifa ta sauke, kuma in 'yan kwangila uku suka ba shi farashi zai iya gwada su a kan ma'auni ɗaya. Wanda ya fi kowa araha da tazara mai yawa, ko ya manta wani abu ne ko yana da niyyar rage wani abu. Araha ba ta ado, a gini kuwa har kisa tana yi.

Ƙididdiga tana kashe wani ruɗi da ya haifi kangaye da yawa, wato zaton cewa in bango ya tashi an ci ƙarfin aiki. Bulo shi ne ɓangaren da ya fi saurin faranta rai, domin cikin mako biyu mutum zai ga siffar gidansa. Amma rufi, da tagogi da ƙofofi, da wayarin da famfo, da filasta da silin da tayil da fenti, duk suna gaba, kuma ba abin mamaki ba ne su ci daidai da abin da aka riga aka kashe ko fiye. A kan jimillar sai a ƙara aƙalla kashi goma cikin ɗari na abin da ba a zata ba, a ajiye shi gefe, kada a taɓa shi don sayen fitila mai ƙyalli.

Hauhawar farashi ta ƙara tsananta lamarin. Bayan cire tallafin fetur a watan Mayu 2023 da sakin darajar naira a watan Yuni, buhun siminti da ake saye wajen naira dubu biyar ya haura dubu goma a wurare da dama a farkon 2024. Ma'aikaci mai albashi ba shi da zaɓi sai gini a hankali, kuma wannan ba aibi ba ne. Aibin shi ne tsayawa a inda ƙarfi ya ƙare maimakon a inda gini ke iya jira. Akwai matsayai masu aminci: bayan an gama tushe an zuba kankaren daɓe, ko bayan an yi rufi. Bangon da aka bari ba rufi damina uku tana dukansa ya fara tsufa kafin a shige shi. Ya fi kyau a zana gidan duka, a gina ɓangare ɗaya a gama shi a tare, kuɗin hayar da aka huta da biya su gina sauran. Mai son tsere wa farashi ya sayi abin da ke jure ajiya, kamar rodi da kwano da tayil, in yana da wurin da ruwa da ɓarawo ba sa kai wa. Siminti ba ya cikin wannan sahu: bayan kimanin wata uku ƙarfinsa yana raguwa, danshi kuwa yana mayar da shi dutse a cikin buhunsa.

## Amana da rubutu

Takarda ta huɗu ita ce mafi wuya ga Bahaushe, domin tana taɓa kunya. Mai aikin ɗan unguwa ne, ko surukin aboki, ko wanda ake haɗuwa da shi a sahu, sai a ga kamar neman sa hannunsa zargi ne. Wanda ke aiki a Legas ko Jidda ko Ingila yakan tura kuɗi ga ƙane ko ɗan baffa ya tsaya masa, ba tare da an faɗi ladan tsayuwar ba, ba tare da littafin shiga da fita ba. Bayan shekara biyu sai a rasa gidan, a rasa zumuncin. Sau da yawa ma ba sata aka yi ba: an ɗora wa mutum aikin da bai iya ba, ya ji kunyar cewa bai iya ba, 'yan aiki suka gane haka tun ranar farko.

Al'ummar da ta san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, bai kamata ta ɗauki rubutu a matsayin rashin yarda ba. Malaman fiƙihu ma sun sharɗanta bayyana siffar aiki da farashinsa a cinikin abin da za a ƙera, don a toshe ƙofar jayayya. Rubutu yana tsare ɓangarorin biyu. Yana hana ɗan kwangila cewa ba da fenti aka yi jinga ba, yana kuma hana mai gida ƙara ɗaki a tsakiyar aiki ya ce ai duk cikin kuɗin ne.

Yarjejeniyar ba sai ta yi kauri ba, amma ta faɗi abubuwa a fili. Wane zane ake bi, mai wace kwanan wata. Wa ke sayen kaya, wane iri, wane kauri. Yaushe za a gama kowane mataki. Biya ya bi aiki: kafin alƙalami kaɗan, sauran kuma sai an gama mataki an duba an amince. Duk lokacin da kuɗin da aka biya suka wuce aikin da ke ƙasa, mai gida ya koma mai roƙo a filinsa. Duk canjin da aka yi a rubuta shi da farashinsa kafin a aiwatar. A ƙarshe a riƙe wani ɗan kaso, galibi kashi biyar cikin ɗari, na tsawon wata shida. A Arewa ya fi dacewa a tsara wannan wa'adi ya ratsa damina, domin ruwan Agusta ne mai duba rufi na gaskiya. Wanda zai duba aikin kuma kada ya zama yaron ɗan kwangila. Mai gida ne zai ɗauke shi, shi zai biya shi. Ɗan'uwan da ya tsaya a kan aiki a yanka masa lada bayyananne, ya riƙa turo rasit da hoto, don kada hidimar ta zama dalilin ɗiba.

## Ranakun da ba a fashi

Mai gida ba zai kwana a wurin gini ba, amma akwai ranakun da dole shi ko wakilinsa mai ilimin aikin ya kasance a tsaye, su ne ranakun da ake binne abu. Ranar da aka gama haƙa tushe, a auna zurfi kafin a zuba kankare. Ranar da aka gama ɗaure rodin ginshiƙai ko na dakin, a ƙirga shi, a auna kaurinsa da tazararsa, a ɗauki hoto. Ranar zubi, a tsaya a kan awo. Haɗin da aka saba da shi a ƙananan gine-gine shi ne awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, sai in injiniya ya rubuta wani. Leburori na son ƙara ruwa domin kwaɓin ya yi sauƙin ɗauka, kuma kowane bokitin da ya wuce ƙa'ida ƙarfi ne aka zubar.

Bayan zubi sai shayarwa. Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake sha ya ƙulle, kuma a kwana 28 ake auna cikar ƙarfinsa. Yana buƙatar danshi aƙalla kwana bakwai, abin da zafin bazara da iskar hunturu ke ƙwace masa cikin sa'o'i. Dakin da aka zuba ba a cire masa tokara don kafinta na son katakonsa a wani wurin aiki. Bulo ma a gwada shi kafin a sauke: wanda ke marmashewa a hannu ko ya tarwatse daga ɗan faɗuwa, an tsawaita masa buhu ne. Bututun ruwa kuma a cika su a bar su kwana a ga ko suna yoyo kafin tayil ya rufe su.

## Tsohon gida yana da nasa sharuɗɗa

Mai gyara yana ganin aikinsa ya fi sauƙi, alhali shi ne ke aiki a kan abin da bai ga yadda aka binne ba. Tambaya ta farko a nan ma ta mallaka ce. Ɗan da Allah ya buɗa wa yakan rushe gidan mahaifinsa ya sake shi da siminti don kyautata wa iyaye, ba tare da an rubuta ko kyauta ya yi, ko bashi ya bayar, ko ginin nasa ne a filin gado ba. Ranar rabon gado kotu hujja take nema, kuma 'yan'uwan da suka yi ta sa albarka jiya suna iya tuna abin daban. Zama ɗaya da magada da shaidu kafin a cire bulo na farko ya isa ya kashe wannan wuta.

Tambaya ta biyu ta nauyi ce. A yawancin gidaje marasa bene bangon ne ke ɗauke da rufi, don haka fasa bango don faɗaɗa falo ba shawarar birkila ba ce. Ɗora bene a kan ginin da aka yi wa tushen hawa ɗaya kuwa yana cikin manyan dalilan rugujewar gini, kuma injiniya ne kaɗai, bayan ya tona ya ga tushen, zai ce ya yiwu ko bai yiwu ba. Gidajen da aka gina a shekarun 1970 zuwa 1990 da yawa suna da silin ko rufin asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo mummunan ciwon huhu da sankara bayan shekaru. Ba a fasa shi da guduma yara na wasa a tsakar gida, jiƙa shi ake yi a cire shi ɗungurungum. Bangon laka kuma in aka lulluɓe shi da filastar siminti, danshi yakan maƙale a ciki ya ci bangon a ɓoye har ranar da filastar za ta ɓamɓaro da rabinsa. A tsarin aiki a fara da abin da ke hana ruwa shiga, wato rufi da magudana, sannan wayoyi da bututu, ado ya zo ƙarshe. Kason ko-ta-kwana na mai gyara ya fi na mai sabon gini, domin kowane bangon da aka buɗe yana da labarin da zai bayar.

## Kuɗin da ba a gani a bango

Abin da ke hana mutane bin wannan hanya sananne ne. Kuɗin da aka ba mai zane da safiyo da mai ƙididdiga ba sa zama bangon da za a nuna wa dangi. Wata uku na zirga-zirgar takardu kuma yana kama da zaman banza ga wanda ke ganin farashin siminti na tashi. Amma ladan ƙwararru ƙaramin kaso ne na kuɗin gida, kuma bango ɗaya da aka rushe aka sake, ko dakin ɗaya da ya lanƙwasa, ko shari'a ɗaya a kan iyaka, ta isa ta cinye ninkinsa. Ga mafi yawan ma'aikata gida shi ne abu mafi tsada da za su mallaka, shi ne kuɗin sallama da adashin shekaru, shi ne kuma abin da marayu za su fake a ciki. Mutumin da ba zai sayi tsohuwar mota ba sai makanike ya buɗe ta, bai dace ya miƙa wahalar shekara talatin ga zanen tsinke da alƙawarin baka ba.

Saboda haka wanda ya tara kuɗin tifar yashi ta farko ya dakata da kiran direba. Ya fara zuwa ofishin filaye, ya zauna da iyalinsa da mai zane, ya karɓi jimillar da za ta tayar masa da hankali tun tana kan takarda, ya rage ɗaki in ragewa ta kama, ya sa hannu tare da mai aikinsa a gaban shaidu. Yashi ba ya ƙarewa a rafi, zai jira.